Bin Sawun Kakan da Ya Tafi Soja Bai Dawo Ba

Wanda ya ga Kura da Bunkure da kudancin Dawakin Kudu a watan Janairu na wannan zamani, da wuya ya yarda cewa a da rani lokacin barin gida ne a nan. Yanzu ruwan Tiga na bin magudanai, alkama ta yi kore shar, ana cirar tumatir ana lodi a Kwanar Gafan, har baƙi ne ke zuwa neman ƙwadago. Amma madatsar Tiga ba ta kammala ba sai 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Kafin nan, da zarar an yi girbi an rufe rumbu, saurayin da ba shi da karofi ko masaƙa ko 'yar fadama sai ya naɗe tabarmarsa. Wasu su yi ci-rani su dawo da ruwan shuka. Wasu su bi ayarin fatake zuwa Gwanja da turkuɗin Kura a bayan jaki, sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba, kuma a cikinsu akwai wanda in an zo lissafin zuriya ake gamawa da shi a numfashi ɗaya: wane ai soja ya tafi. Daga nan sai a wuce kan na gaba.

Wannan gajarta zance ba mantuwa ba ce. A idon malamin ƙauye da dattijon gida na wancan zamani, soja ɗan bariki ne, mai wandon da bai rufe gwiwa ba, mazaunin inda ake giya da caca, wanda ya ɗauki bindiga a ƙarƙashin tutar Nasara. Uwa ba ta shelar irin wannan ɗa. Akwai kuma dalili na biyu da ya fi nauyi, wanda har gobe ba a son taɓawa. Da yawa daga cikin na farkon da suka sa kaki ba 'ya'ya ba ne, bayi ne da suka tsere. Ƙasar Kano ta ƙarni na 19 cike take da rinji da gandayen sarauta. Kudancinta yana shan harin Ningawa, a kwashi mutane a gona da rana tsaka. Basasar Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895, ta ƙara watsa gidaje, aka sayar da mutanen da jiya 'ya'ya ne. Wanda aka kora kudu ta Zariya da Bida da Ilori da igiya a wuya, in ya sami hanyar kuɓuta, sau da yawa ƙofar bariki ce. Ni dai ina ganin shirun ya isa haka. Mutanen nan kakanninmu ne, sun sha wuya a ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, kuma sawunsu ya fi na 'yan uwansu da suka zauna gida fitowa a takarda, domin Bature ba ya ba mutum bindiga sai ya rubuta shi.

Daga bakin teku labarin ya faro. A 1857 wani hafsan jirgin ruwa na Ingila, John Glover, ya hau Kwara tare da Likita Baikie, jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse ya fashe kusa da Jebba. Glover ya ratsa ƙasar Yarbawa ta ƙasa zuwa Ikko, wato Legas, a hanya ya ga abin da fatake suka daɗe da sani, cewa garuruwan kurmi cike suke da bayi masu jin Hausa. Wasu suka gudu daga iyayen gijinsu suka bi shi. Da ya zama mai riƙon mulkin Ikko a 1863 sai ya tara irin waɗannan mutane, ya ba su bindiga, ya koya musu fareti. Daga wannan 'yar ƙungiya rundunar sojan Nijeriya ta yau take lissafin shekarunta. A 1865 suna cikin waɗanda suka kori Egbawa daga Ikorodu. Mutanen Ikko ba su ƙaunace su ba, har suka laƙa musu sunan ɓarayi arba'in, kuma ba a rasa dalili ba, don bawan jiya da ya sami bindiga bai cika tausaya wa garin da ya bautar da shi ba. Lissafin Glover a fili yake. Baƙo Musulmi wanda ba shi da dangi a bakin teku, ba shi da gonar da zai koma, ba shi da kowa sai mai biyansa, kuma irin wannan ba ya juya baya.

Bayan shekara goma aka tsallaka da su yamma. Ingila ta ɗaura yaƙi da Tonawa, wato Asante, mutanen da Kanawa suka sani sarai, tunda goron da ake ci a birni daga dazukansu yake fitowa ta kasuwar Salaga. Janar Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu 1874 ya sa mata wuta. Glover, wanda ya biyo ta gabas daga kogin Volta da Hausawansa, ya iso bayan 'yan kwanaki ya tarar da toka. Kafin ya tashi sai da ya ɗebi sababbin kurata a Ankara, wato Accra, da yawansu bayi ne a gidajen mutanen gari, abin da ya jawo rigima da iyayen gijinsu. Da aka gama yaƙi ba duka suka koma Ikko ba. A 1879 aka tsayar musu da runduna ta kansu a ƙasar da yau ake kira Ghana. Waɗanda suka tsufa aka sallama suka yi bukkoki a gefen gari, kusa da malamai da mahauta da dillalan goro. Zangunan Ankara da Kumasi suna da wannan jijiya a tushensu, ko da yake an fi son tunawa da ta fatake da ta malamai.

Nan ne mai bin sawu zai fara taka-tsantsan. Turawa sun ƙudurta cewa Bahaushe ne jarumin Afirka ta Yamma, don haka duk wanda suka ɗauka daga arewa sai su rubuta shi Bahaushe. A layin fareti akwai Babarbare da Banufe da Bazabarme, akwai Moshi da Dagomba, akwai Gurunsawa masu yawa waɗanda mayaƙan Zabarmawa na Babatu suka kamo suka zube a Salaga. Harshen bariki ne ya haɗa su. Umarnin fareti da Turanci ake yi, amma da Hausa ake bayani, da ita ake zagi, da ita ake hirar dare, hafsa Bature ma sai ya koye ta. Sunan sojan Hausa ya yi tsada har wasu ƙasashe suka shigo nema. Wakilan Sarki Leopold na Beljiyam sun ɗebi mutane daga Ikko da Ankara tun cikin shekarun 1880 suka kai Kwango, inda aka gina rundunarsa ta farko da su, aka tura su yaƙin 1892 zuwa 1894 da 'yan kasuwar Sawahili a gabashin ƙasar. Abin da aka yi musu a can da abin da aka sa su yi wa mutanen daji duk yana cikin baƙin tarihin wannan mulki. Jamusawa sun ɗiba a Togo da Kamaru. A 1897 an kai wasu Landan suka yi maci a bikin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 a gadon mulki. Ke nan ɗan Tamburawa ko Gano da ya bar gida a bayan madugu yana iya ƙarewa a kowanne daga cikin waɗannan wurare.

Ranar da kurtu ya tsaya gaban akawun bariki, abu biyu ake so daga bakinsa, sunansa da garinsu. Sai a haɗa su su zama sunansa na aiki har ya mutu. Shi ya sa rijistar ke cike da su Audu Kano da Musa Katsina da Garba Zariya, mutane bila adadin masu suna iri ɗaya, lamba ce kaɗai ta raba su. Mutumin Bunkure ko Tsakuwa ba zai tsaya yi wa akawu ɗan bakin teku bayanin ƙauyensu ba, sai ya ce Kano a wuce wurin. Wanda ya ce Dawaki ma bai warware komai ba, don akwai Dawakin Kudu, akwai Dawakin Tofa, ban da wasu Dawakin a wasu ƙasashe. Bawan da ya gudu yana da dalilin sauya suna da gari baki ɗaya, haka wanda ya tsere daga wata runduna ya sake shiga wata. Abin da ba ya ƙarya shi ne fuska. Takardun ɗaukar soja kan rubuta tsawon mutum da tsagar da ke kumatunsa, saboda in ya gudu a gane shi. Tsohuwar da ta tuna irin askar gidansu ta riƙe wa mai bincike shaidar da ta fi suna ƙarfi.

Sai babin da ya fi ɗaci. A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Turawa ke taƙaita sunanta WAFF, aka yi mata sansani a Lakwaja da Jebba. A 1900 aka kwashi wasu daga cikinta zuwa Kumasi ƙarƙashin Kanar Willcocks, don ceto sansanin da mayaƙan Tonawa ƙarƙashin Yaa Asantewaa suka yi wa ƙawanya, suka shiga a watan Yuli. Bayan shekara biyu da rabi aka juyo da bakin bindigar gida. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojojin da ba su kai dubu ba, Turawan ciki 'yan kaɗan ne, da igwa da bindigogi masu ruwa. Ranar 1 ga Fabrairu suka fasa ƙofar Bebeji, nan maƙwabtan Kura. Ranar 3 ga wata suka shiga Kano ta wajen Kabuga, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato da yawancin dawakinsa. Kafin watan ya ƙare Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi. Ranar 15 ga Maris aka yi yaƙin Giginya a Sakkwato, a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, a 1906 aka shafe Satiru.

Yatsan da ya ja kunamar bindiga a duk waɗannan wurare galibi baƙi ne, kuma mai shi salati yake yi in kibiya ta same shi. Ba zan wanke su ba. An kwashi ganima, ƙauyukan kan hanya sun sha ƙwace, abin da aka yi a Satiru kuwa kisan kiyashi ne, ba shi da wani suna. Wanda ya gano kakansa a wannan layi dole ya haɗiye wannan tare da sauran labarin. Amma duk mai son yanke musu hukunci ya fara tambayar wace Kano suka sani. Mutumin da aka tsayar a kasuwar bayi aka duba haƙoransa aka yi cinikinsa ba zai kalli ganuwar birni yadda ɗan sarki ke kallonta ba. A bisa ganuwar kuma, cikin waɗanda aka bar wa tsaron gari, bayin sarki ne 'yan bindiga ke mayar da wuta. A ɓangarorin biyu, waɗanda suka fi kusa da wuta mutane ne da tun farko ba su mallaki kansu ba, kuma littattafanmu na makaranta ba su tsaya kan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bayan an naɗa Sarki Abbas hanyar shiga soja ta sauya. Ba sai ka je kurmi ba, bariki ya zo ƙofar gida. Haraji ya koma sai da kuɗin Bature. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Daga 1913 zuwa 1914 aka yi yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Hausa, kuma sule guda a rana abu ne babba ga wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, neman mutane ya biyo ta hannun sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. A takarda 'yan sa-kai ne. A ƙauye kowa ya san wanda ake miƙawa: maraya, baƙo, ɗan talakan da ba mai tsaya masa, ko wanda ya taɓa ɗaga wa mai unguwa murya. Samari kan kwana a daji in an ji masu ɗiba sun sauka.

Masana tarihi da yawa sun tafi a kan cewa harsashin farko da wani sojan Ingila ya harba a wannan yaƙi ba a Turai aka harba shi ba. A Togo ne, cikin Agustan 1914, daga bindigar wani sojan rundunar Ghana mai suna Alhaji Grunshi, wanda sunansa kansa ya nuna yadda akawun bariki ke raɗa suna. Rundunar Nijeriya ta nufi Kamaru. Harin farko a Garwa ya watse da asara, garin bai faɗi ba sai Yunin 1915, Jamusawan da ke bisa dutsen Mora kuwa ba su ajiye makami ba sai Fabrairun 1916, kuma a cikin ramukan ɓangarorin biyu ana jin Hausa. A ƙarshen 1916 aka loda bataliya huɗu a jirgin ruwa aka zagaya da su ƙasan Afirka zuwa Dar es Salaam, farautar kwamandan Jamusawa von Lettow-Vorbeck. Damina ta tarar da su a bakin kogin Rufiji farkon 1917, hanyoyi suka yanke, abinci ya ƙare, mutane suka koma tonon saiwoyin da ba su sani ba, wasu suka mutu da gubarsu. A watan Oktoba aka yi gumurzun Mahiwa, inda aka yi wa 'yan Nijeriya mummunar ɓarna. Waɗanda suka tsira sun dawo a 1918. A bayan kowane mai bindiga kuma akwai 'yan dako masu ɗauke da harsashi da abinci da sassan igwa a ka, waɗanda cuta da yunwa suka fi ci, kuma su ne aka fi sakaci da rubuta sunayensu.

In ana son ganin yadda takarda ke iya riƙe rayuwar mutum guda, a dubi Chari Maigumeri, mutumin Barno. Yana yaro ya shiga sojan Jamus a Kamaru. Ingila ta kama shi a yaƙin, daga baya ya sa kakinta a 1917, ya je Afirka ta Gabas ya yaƙi waɗanda suka koya masa fareti. Ya hau har ya zama samanjan bataliya. A yaƙin duniya na biyu ya je Habasha, ya je Bama. A 1953 yana Landan wurin naɗin Sarauniya Elizabeth, da ya bar aiki aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa, yau kuma akwai bariki mai sunansa a Lakwaja. An san wannan duka saboda ya daɗe, ya yi fice, ya sami lambobin yabo. Farabitin da ya yi shekara uku zazzaɓi ya kashe shi a Rufiji layi ɗaya ya bari, in ma ya bari.

Yaƙin Hitila shi ne wanda har yanzu akwai masu tuna ganin mutanensa da ido. A Fabrairun 1941 birged ɗin Nijeriya ta kama Mogadishu daga hannun Italiya, ta kora su cikin sauri har Harar a ƙasar Habasha. A 1943 aka haɗa runduna ta 81, aka bi da ita ta ruwa zuwa Bombay, daga nan zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Turawa sun ce sun zaɓe su ne don 'yan Afirka sun saba da kurmi, alhali yaron Kura bai taɓa ganin dajin da rana ba ta ratsa shi ba. Aka tura su kwarin Kaladan, inda mota ba ta shiga. Jirgin sama ke jefo musu abinci, rundunonin 'yan dako marasa isassun makamai ke ɗauka a ka su hau duwatsu da shi, su sare gora su buɗe hanya, Japanawa na ɓoye a gaba. An ware birged ɗaya ta 'yan Nijeriya aka haɗa ta da mayaƙan Chindit da aka sauke a bayan layin abokan gaba a 1944. Runduna ta 82 ta biyo baya, su biyun suka haɗu suka kama Myohaung a Janairun 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je can ya gaishe su. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya fara shiryawa a Zariya a 1939, tana kai musu labarin gida tana kawo nasu. Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan muna faɗa kullum ba mu san ma'anarsu ba: barikin Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, da Burma Camp a Ankara.

A 1946 yawancinsu suka dawo, da takardar sallama da 'yan kuɗin da ba su kai na farabiti Bature ba ko kusa. Wasu sun koma gona. Wasu sun zama direbobi, masinjoji, 'yan doka, masu gadin kantunan Fagge da Sabon Gari, aka riƙa ce musu 'yan mazan jiya. Wasu kuwa ƙauye ya ƙi karɓarsu ko su suka ƙi shi. Mutumin da ya sa takalmi, ya hau jirgin ruwa, ya ga Bature na kuka a rami, da wuya ya koma ya faɗi gaban dagacin da ya miƙa shi. Irin waɗannan ne suka tsaya inda jirgi ya sauke su. A Legas unguwar Obalende ta tashi ne daga mazaunin tsofaffin sojojin Hausa. A Ankara akwai Sabon Zango na Malam Bako, akwai Nima. Suka auri matan gari, 'ya'yansu suka tashi da Hausar zango da Ga ko Twi ko Yarbanci. Fushin alkawuran da ba a cika ba ya fashe a Ankara ranar 28 ga Fabrairu 1948, lokacin da 'yan mazan jiya suka nufi fadar Gwamna da takardar koke aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta 'yancin Ghana.

Jikokin waɗanda suka yi wa wannan ƙasa soja tun 1874 ba su tsira daga sunan baƙi ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Aka cika manyan motoci da mutanen zango, cikinsu har da waɗanda aka haifa a can, iyayensu ma a can aka haife su. Wasu sun iso Kano ba su riƙe da komai na asali sai kalma ɗaya da kakansu ya ba akawu, Kano ko Dawaki ko Kura. A ƙauyen kuma waɗanda suka san wane da ya tafi soja sun daɗe da rasuwa. Rabin labarin na hannun wannan, rabin na hannun wancan, suna iya haɗuwa a tasha ɗaya ba su san juna ba.

Mai son haɗa rabin biyun, daga lamba zai fara. In akwai tsohuwar adaka a gida, a duba takardar sallama, littafin fansho, ko lambar yabo. Lambobin da aka bayar kafin 1920 sun fi amfani, domin ana buga sunan soja da lambarsa da rundunarsa a gefensu. Wadda aka ba waɗanda suka ci Kano da Sakkwato tana ɗauke da ɗan ƙarfe mai shekarar 1903, kuma rijistar waɗanda aka ba wa tana ma'ajiyar takardun Ingila da ke Kew, gefen Landan, tare da katunan lambobin yaƙin duniya na farko. Taurarin yaƙin Hitila kuwa, har da na Bama, haka aka raba su ba suna, don haka tauraro kaɗai ba ya nuna mai shi sai an haɗa da takarda. Wanda ya mutu a bakin aiki ana nemansa a intanet cikin jerin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila. A rubuta Kano kawai a gurbin suna a ga yadda layi ke zubowa. Waɗanda ba a ga gawarsu ba a Bama suna jikin bangon tunawa na Taukkyan kusa da Yangon, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000. A gida, ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin Lardin Kano da rahotannin ƙidayar haraji na gundumomi, kuma a nemi gundumar da sunan Dawaki ta Kudu, don haka Turawa ke rubuta ta. Na ɓangaren Ghana suna Ankara da Kumasi da Tamale, amma sarkin zango da limaminsa sun fi kowace ma'ajiya sanin wane gida ne gidan soja.

Akwai inda takarda take ƙarewa, kuma ba da kuskure ba. A Afrilun 2021 ita kanta hukumar kaburburan ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin duniya na farko, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su ko kaɗan, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Jami'an wancan zamani sun yanke cewa baƙar fata bai kai matsayin da zai damu da dutsen kabari ba. 'Yan dako suna cikin waɗanda wannan hukunci ya fi shafa, kuma a cikinsu ne za a fi samun talakan karkarar Kano.

Ga irin waɗannan ba abin da ya rage sai bakin tsofaffi, musamman mata, don su ke riƙe da wace ce ta haifi wane, wace aka raba aurenta da mijin da ya ɓata, wa ya gaji gonarsa, a shekarar wace yunwa ya fita. Tambayar gona ta fi kowace buɗe baki, domin ko an daina ambaton mutum ba a daina sanin yadda aka raba kasonsa ba. Waɗanda suka je Bama da ƙafarsu, in akwai sauransu, sun kai shekara ɗari ko sun kusa. 'Ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu sun haura saba'in. Aikin naɗar muryoyinsu bai fi ƙarfin ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ba, bai ma fi ƙarfin ɗan sakandaren Dawakin Kudu mai waya a aljihu ba. A bi mazaɓa mazaɓa, daga Tsakuwa zuwa Gano, daga Karfi zuwa Barkum, a rubuta sunan yanka da laƙabi, da sunan uwa, da irin aska, da shekarar fita, da inda aka ji labarinsa na ƙarshe, sannan a aika da jerin zuwa zangunan Kumasi da Ankara da Obalende a karanta a masallatan Juma'a.